A Kasa, A Tsare, A Raka: To Ƙuri'ar Waya Fa?

Duk sanda zaɓe ya ƙarato, akwai wata magana da ba ta fashin dawowa. Ana jin ta a rediyo, ana ganin ta a Facebook, 'yan siyasa na ɗaga ta idan suna son a tafa musu, amma inda ta fi zama da gindinta shi ne bakin abokan sana'armu, mu masu rubuta manhajar kwamfuta. Maganar ita ce: tunda tashin hankali ya watsa jama'a, wasu na sansanonin gudun hijira a Borno, wasu sun tsallaka Maraɗi da Diffa, wasu na Minawao a Kamaru, wasu kuma neman abinci ya kai su Jidda da Landan, to me zai hana kowa ya jefa ƙuri'arsa ta waya daga inda yake zaune? Ba bin layi cikin rana, ba ɗan daba da gora, ba motar kayan zaɓe da za a tare a daji. Ka latsa, ka tura, kafin magariba an san wanda ya ci.

Da don aljihunmu muke magana, da mu ne kan gaba wajen yi wa wannan shawara kirari, domin idan aka amince da ita mu za a kira, mu za a biya. Amma muna cewa kada a yi. Ba ƙyamar fasaha ce ta sa ba, da ita muke ci muke sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun daɗe muna kwana a ɗakin nan.

Hujjar farko da ake kawo mana kullum ta banki ce. Wai idan mutum zai iya tura naira dubu ɗari biyar daga Gusau zuwa Legas cikin daƙiƙa, ƙuri'a ɗaya ce za ta gagara? Mai wannan tambaya bai tsaya ya duba abin da ya sa ya yarda da bankin ba. Ya yarda ne don banki ya san shi, ya san wanda ya tura wa, ya san nawa ne, ya san ƙarfe nawa. Idan an cire kuɗi ba su isa ba, kamar yadda ya riƙa faruwa da mu duka a Fabrairun 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, sai ya ɗauki shaidar da ke wayarsa ya je ya yi ƙorafi, a bi sawu, a dawo masa da abinsa ko da bayan mako biyu ne. Duk amincin banki a kan bin sawu ya tsayu. Ƙuri'a kuwa sharaɗinta shi ne kada a iya bin sawunta. Dole a tabbatar kai ne, dole a tabbatar sau ɗaya ka jefa, dole a ƙidaya ta daidai, sannan kada wani mahaluki, har da hukumar zaɓen kanta, ya iya cewa ga wanda ka zaɓa. Kai kanka ma bai kamata a ba ka wata shaidar da za ka nuna wa wani ba, domin da zarar ƙuri'a ta samu rasit, mai saye ya samu abin biya a kai. Takarda da akwati sun kwance wannan ƙulli cikin sauƙin da har ba ma lura da shi. An tantance ka a waje, ka shiga lungu kai kaɗai, ka dangwala, ka naɗe, ka jefa cikin ɗaruruwa irinta, ta ɓace. A kwamfuta ba abin da ke ɓacewa haka kawai. Sai an rubuta mata umarnin ta manta, kai kuma sai ka yarda da wanda ya ce maka ya rubuta.

Mu ajiye kwamfuta tukuna, mu dubi mutumin da ake cewa dominsa za a yi. Wace waya? A gidaje da yawa na karkara waya ɗaya ce, kuma a aljihun maigida take kwana. Matansa da 'ya'yansa da suka kai shekara 18 da tsohuwarsa duk da ita za su yi zaɓe, a tsakar gida, yana tsaye. Rumfar zaɓe, duk lalacewarta, wuri ne da matar nan ke shiga ita kaɗai ta yanke hukunci ba wanda ya leƙa. Kowa ya san akwai matan da ke amsa wa maigida da "to" da safe, su je su dangwala wa wanda ransu ke so, su dawo su ɗora sanwa. Zaɓen waya waɗannan 'yan daƙiƙun zai fara ƙwacewa.

A sansanin gudun hijira abin ya fi haka muni. Mutum ya bar gonarsa da rumbunsa, abincinsa na hannun mai rabon kati, matsuguninsa na hannun gwamnatin jihar da ita ma tana da ɗan takara a zaɓen. Ba sai an yi masa barazana da baki ba. Ya isa a ce ranar zaɓe kowa ya hallara rumfar shugaban sansani a "taimaka masa" da latsawa, tunda ba kowa ya iya karatu ba, kuma dama can a nan ne ake samun caji. A ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato da 'yan bindiga ke ɗora wa haraji kafin a yi shuka ko girbi, wanda ya iya tara miliyoyin naira daga hannun talakawa da bakin bindiga, tara wayoyinsu a buhu ɗaya ba zai ba shi wahala ba. Yau idan ɗan siyasa na son ƙuri'un ƙauye ta ƙarfi, sai ya tura yara sun fasa akwati a gaban jama'a, a gan su, wani ya ɗauki hoto, a soke rumfar. Gobe ciniki ɗaya zai yi da mutum ɗaya a daji, kuma alƙaluman da za su isa Abuja tsaf za su isa, ko ƙura babu a jikinsu.

Masu sayen ƙuri'a ma sauƙi za a yi musu. Babbar damuwar mai rabon taliya da sabulu da 'yan dubbai ita ce rashin tabbas. Ya bayar, amma bai san abin da aka yi a lungu ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro dabarar ɗaukar hoton takarda bayan an dangwala, shi ya sa kuma INEC ta hana shiga lungun jefa ƙuri'a da waya tun 2018. Yanzu wayar da aka kora daga lungun ce ake so a mayar lungun kansa?

Duk wanda ya yi wayo a Arewa ya san taken nan da ya taɓa karaɗe filayen siyasa: a kasa, a tsare, a raka. Mutanen da suka riƙe shi ba su karanci kimiyyar kwamfuta ba, amma sun dunƙule abin da masana tsaron zaɓe ke cika littattafai a kansa. A zazzage akwati a gaban kowa, a kasa takardu jam'iyya-jam'iyya kamar yadda mai tumatir ke kasa kayansa, a ƙirga da ƙarfi jama'a na amsawa, a rubuta, wakilai su sa hannu, a bi takardar sakamako da ƙafa da babur har inda za a tattara. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai iya wannan aiki, domin idonsa zai nuna masa tulin nan ya fi tulin can. To a gaya mana, yaya ake kasa ƙuri'ar da ke cikin na'ura? Mai tsare ta a ƙofar wane ɗaki zai kwana? Idan ta tashi daga wayar wani a Monguno zuwa babbar kwamfutar da ke tattara bayanai, wadda muke kira uwar garke, wadda ba a ma san ko a Abuja take ko a Turai ba, da wane babur za a raka ta?

Kada wani ya ce wannan tunanin ƙauye ne. A watan Maris na 2009 kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke hukuncin cewa amfani da na'urorin jefa ƙuri'a da aka yi a zaɓen 2005 ya saɓa wa tsarin mulki. Ba a tabbatar mata an yi maguɗi ba, kuma ba a kan haka ta gina hukuncin ba. Dalilinta shi ne dole ɗan ƙasa ya iya bin muhimman matakan zaɓe da ƙidaya da kansa, ba tare da wani ilimi na musamman ba. Holan ma ta riga ta. Bayan wasu masu fafutuka sun nuna a talabijin a 2006 yadda ake juya na'urar zaɓen ƙasar, aka koma takarda da jan fensir. Ƙasashen da suka fi mu wutar lantarki, suka fi mu injiniyoyi, suka fi mu yarda da hukumominsu ke nan, su ne suka dawo kan a kasa a tsare.

Bari mu faɗi abin da kowa a sana'armu ya sani amma ba a cika faɗa a gaban mai ba da kwangila ba. Babu manhajar da ba ta da kuskure. Wadda aka ce ba ta da shi, ba a gano ba ne tukuna. Kowannenmu ya taɓa tura gyara ƙarfe biyun dare yana addu'a, ya wayi gari gyaran ya ɓalle wani wuri daban. A sauran ayyuka ana rayuwa da haka, a ba da haƙuri, a gyara gobe. Zaɓe rana ɗaya ne, miliyoyin mutane a lokaci ɗaya, ga kuma masu kuɗi da iko suna jiran bango ya tsage. A 2003, a garin Schaerbeek na ƙasar Beljiyam, na'ura ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 da ba wanda ya jefa. Duk mai sana'armu da ya ga wannan lamba zai yi murmushi, domin ɗaya ce aka yi ta ninkawa har sau 12, alamar ɗigo ɗaya tak a ƙwaƙwalwar na'urar ya juya daga sifili zuwa ɗaya. An gano ne kawai don lissafin ya fita hankali, matar ta samu fiye da abin da zai yiwu ta samu. Da ɗigon 64 ne ya juya, da shiru kake ji.

Ba ma sai mun je Beljiyam ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 an yi mana alkawarin hoton takardar sakamakon kowace rumfa zai hau shafin IReV kai tsaye. Na 'yan majalisa suka riƙa hawa, na shugaban ƙasa suka ƙi, sai can da dare suka fara shigowa da ɗai-ɗai. Bayanin da INEC ta bayar daga baya a rahotonta shi ne an tsara ma'ajiyar ne jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi, ta riƙa dawo da saƙon kuskure. Mun san irin wannan na faruwa, mun taɓa yin irinsa. Mun kuma san irinsa ne gwaji ɗaya na tsakani da Allah ke kamawa tun kafin ranar. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, mai karatu, ba ka da hanyar tabbatarwa, mu ma da muka yi digiri a kan abin ba mu da ita. Wasu suka ce tangarɗa ce, wasu suka ce da gangan ne, kuma har gobe haka za a zauna. Abin da ya rage a hannun jama'a a ranar shi ne takardun da aka cika a rumfa, wakilai suka sa wa hannu suka karɓi kwafinsu. Hoto ne kawai ya ƙi hawa ƙasa ta girgiza haka. A ƙaddara ƙuri'ar ce kanta ta ƙi hawa, kuma babu takarda ko ɗaya a bayanta.

Sai maganar sabis, wadda masu shawarar ke tsallakewa kamar kowa a Maitama yake zaune. A Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kira waya. A 2013 an yi haka a Borno da Yobe da Adamawa bayan dokar ta-ɓaci. Kafin nan, a 2012, 'yan Boko Haram ne ke bin turakun sadarwa suna ƙonawa. A farkon 2021 aka tayar da turakun da ke kai wuta Maiduguri, birnin ya yi watanni a duhu. Wato a daidai wuraren da ake cewa zaɓen waya zai ceta, sabis abu ne da gwamnati ke kashewa da wasiƙa ɗaya, ɗan ta'adda kuma da jarkar fetur. Ba mu ce don siyasa aka kashe a waɗancan lokuta ba, dalilin tsaro aka bayar. Amma wanda makunnin ke hannunsa ranar zaɓe ba sai ya saci ƙuri'a ko ɗaya ba. Ya isa sabis ya yi rauni na awa huɗu a ƙananan hukumomin da ba sa yin sa, a ce hadari ne ya taso. Kuma mun ga ana taɓa makunnin a tsakiyar rikicin siyasa ƙarara. A Nijar an rufe intanet ɗin wayar hannu kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021. A nan gida kuma, a Afrilun 2022, an hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya don ba a haɗa su da lambar NIN ba. Wa ya fi kusa da faɗawa cikin irin wannan toshewa, ma'aikacin banki a Kano ko wanda ya gudu daga ƙauyensu da rigar jikinsa kawai?

Akwai ƙasashe biyu a nahiyarmu da suka riga mu taka wannan ƙaya, kuma labarinsu ya fi duk wata hujjar da za mu tsara. Kongo ta Kinshasa ƙasa ce mai faɗi, mai daji, mai yaƙi a gabashinta, mai miliyoyin 'yan gudun hijira, irin wurin da ake cewa na'ura ce mafita. A zaɓen Disambar 2018 ta sayo na'urorin zaɓe daga wani kamfanin Koriya ta Kudu. Kwana goma kafin ranar da aka tsayar, gobara ta cinye kusan dubu takwas daga cikinsu a rumbun ajiya a Kinshasa, aka ɗaga zaɓen da mako guda. Mutanen Beni da Butembo da Yumbi, sama da miliyan ɗaya, aka ce su ba za su zaɓi shugaban ƙasa ba saboda Ebola da rikici. Na'ura ba ta kai musu komai ba, alhali irinsu ne aka ce za ta taimaka wa. Washegarin zaɓe aka kashe intanet. Da aka sanar da Félix Tshisekedi, majalisar limaman Katolika, wadda ta baza 'yan kallo kusan dubu arba'in, ta fito ta ce sakamakon bai yi daidai da abin da ta tattara ba. Me ta tattara? Alƙaluman takardun rumfuna, waɗanda aka ƙirga a gaban mutane. Ba su hana a rantsar da wanda aka so ba, amma da babu su, da ko bakin magana ba wanda zai samu.

Kenya kuma ta koya mana abin da ya fi taɓa mu, mu masu sana'ar. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen 8 ga Agustan 2017, aka tsinci gawar Chris Msando, jami'in da ke kula da fasahar hukumar zaɓen ƙasar, da alamun azabtarwa a jikinsa. Idan aka tattara amanar zaɓen ƙasa gaba ɗaya aka damƙa wa mutum biyar masu riƙe da kalmar sirri, to an rage wa mai maguɗi aiki. Maimakon ya sayi malaman zaɓe dubbai, biyar zai saya, ko ya tsorata, ko ya kawar. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a zaɓen na'ura mu ne 'yan garin. Ranar 1 ga Satumba kotun ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasar, kuma cikin abin da ta riƙe har da ƙin da hukumar ta yi na buɗe uwar garkenta yadda kotu ta umarta. A 2022 Kenya ta gyara ta hanyar da ta dace: ta zuba hotunan takardun sakamako na rumfuna sama da dubu 46 a fili, duk mai intanet ya sauke ya haɗa lissafinsa. An yi rigima, an je kotu, amma a wannan karon rigimar a kan takardun da kowa ke gani aka yi ta.

Mun san sunan da ke kan leɓen abokanmu tun ɗazu: Estoniya. Gaskiya ne, suna zaɓe ta intanet tun 2005, kuma a zaɓen majalisa na 2023 fiye da rabin ƙuri'un ta nan suka zo. Amma mutanen Estoniya duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, birnin Kano kaɗai ya ninka su. Kowa na da katin shaida mai ƙwaƙwalwa da yake amfani da shi a harkokinsa na yau da kullum. Maganin tilastawa a wurinsu shi ne ana barin mutum ya sake jefawa sau da yawa, ta ƙarshe ce ke aiki, ko ya je ya jefa ta takarda ta shafe ta intanet. Wannan dabara ce ga wanda wayarsa da katinsa ke hannunsa idan mai tilasta shi ya tafi. Wanda wayarsa ke cikin buhu a daji fa? Su ɗin ma a 2017 an gano aibi a katunan shaidarsu sama da dubu 700, sai da aka bi su da gyara. Faransa ta fi kama da abin da ake nema a nan, domin 'yan ƙasarta mazauna waje ta buɗe wa zaɓen intanet. Ta janye shi a zaɓen majalisa na 2017 don tsoron kutse, ta dawo da shi a 2022, sai majalisar tsarin mulkinta ta soke zaɓen mazaɓu biyu na waje, ɗaya ita ce wadda ta haɗa Arewacin Afirka da ƙasashe irin su Nijar da Mali, saboda saƙon tes mai ɗauke da kalmar sirri bai isa wayoyin masu zaɓe da yawa ba. Saƙon tes. Duk wanda ya taɓa zama yana jiran lambar da banki zai turo masa har lokacinta ya ƙare ya san abin da ake nufi.

Masu kiran sunan "blockchain" kamar laƙani kuwa ba za mu daɗe a kansu ba. Rijista ce mai wuyar gogewa, shi ke nan. Idan an juya ƙuri'ar tun a cikin wayar, ko an sa wa mai ita wuƙa a wuya, ƙarya za ta adana ta hana a goge. Jihar West Virginia ta Amurka ta gwada wata manhaja irin wannan a 2018 don sojojinta da mazauna waje, masu bincike na jami'ar MIT suka tona raunukanta a 2020, jihar ta ajiye ta.

Wani zai ce to a bar waya, a kawo na'urar latsawa cikin rumfa, kamar Indiya, ko kamar yadda Kaduna ta gwada a zaɓen ƙananan hukumomi a 2018 da 2021. Wannan ya fi waya dama, domin lungun yana nan. Amma kotun ƙolin Indiya da kanta ta ce tun 2013 sai na'urar ta riƙa fitar da takardar da mai zaɓe zai gani, kotun ƙolin Namibiya ma a 2020 ta ƙi amincewa da na'ura marar takarda. Kuma na'urar rumfa sai an ɗauke ta a mota an bi hanyar nan da ake tsoro, an nema mata caji, an tsare ta. Matsalar warwatsuwar jama'a tana nan inda take, an dai ƙara mata nauyi da tsada.

Ba za mu yi kamar takarda waliyyiya ba ce. An cusa akwatuna, an sace su, an canza lamba a wurin tattarawa da biro ɗaya. Kai ta daji kuma rai yake ci. Ranar 21 ga Fabrairun 2021 ma'aikatan zaɓe bakwai suka mutu a yankin Tillaberi na Nijar da motarsu ta taka nakiya, kuma ba mu manta da masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011 ba. Wanda ya ce yana neman hanyar da ba za a sake tura ɗan wani cikin wannan haɗari ba, niyyarsa mai kyau ce, ba ma yi masa dariya. Abin da muke ce masa shi ne, maguɗin takarda na buƙatar hannaye da yawa, yana barin sawu, yana barin shaidu, ana iya kai shi gaban alƙali a buhu. Inda yarda ta riga ta karye, wanda ya faɗi zaɓe ba zai koma gida don an ce masa kwamfuta ta faɗa ba. Zai koma ne idan wakilinsa ya ce masa na gani da idona, sun fi mu. Idan aka cire wannan, ba abin da ya rage tsakanin sanar da sakamako da ƙone-ƙone sai maganar wani injiniya da ba wanda ya san fuskarsa.

Aikin da fasaha za ta yi wa ɗan gudun hijira yana nan jibge, ba mai ɗauka, don ba shi da ƙyalli. BVAS ta nuna amfaninta wajen tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, a riƙe ta. Tunda yatsan mutum da fuskarsa na cikin na'urar, babu wani dalilin fasaha da zai sa a kore shi daga layi don katinsa ya ƙone tare da ɗakinsa. INEC na buɗe wa 'yan gudun hijira wuraren zaɓe tun 2015, amma akasarin waɗanda rikicin Arewa maso Yamma ya kora ba a sansani suke ba, suna gidajen 'yan'uwa da kangaye da makarantu a Gusau da Katsina da Sakkwato. Sauya wa irin waɗannan rumfa ya kamata ya zama aikin minti biyar da ma'aikaci zai bi su har inda suke ya yi musu, kuma manhajar da za ta yi shi ba ta fi ƙarfin ɗaliban ajin ƙarshe na jami'o'inmu ba. Hoton takardar sakamako ya zama wajibi na doka mai hukunci, na'urar ta adana shi idan babu sabis ta tura da zarar ta samu, kuma a saki alƙaluman kowace rumfa yadda jarida da jam'iyya da ɗan makaranta za su iya haɗa lissafi da kansu. A buɗe rubutun manhajar kowa ya karanta. A yi gwajin gaske da cikakken nauyin ranar zaɓe, watanni kafin ranar, a gayyace mu mu yi ƙoƙarin fasa ta a gaban 'yan jarida.

Waɗanda suka tsallaka iyaka kuwa, na Minawao da Diffa da na Landan, ba rashin manhaja ne ya hana su zaɓe ba. Tsarin mulki ne ya ɗaure rijista da zama a cikin Najeriya, kuma majalisa ce kaɗai za ta kwance. Idan an kwance, akwai hanyar da maƙwabta suka bi. Senegal na da kujeru 15 a majalisa na mazauna waje tun 2017, Nijar ta ware musu biyar a majalisar 2016, kuma da takarda da akwati aka zaɓe su a ƙasashen da suke zaune. Sansanin Minawao wuri ɗaya ne, an san inda yake, an san hanyarsa, motocin abinci na zuwa. Motar da ta kai buhun masara za ta iya kai akwati, a kasa a can a gaban mutanen, su tsare, a ɗauki hoton takardar kowa ya gani.

Idan wannan aikin ake so, a kira mu, har rangwame za mu yi. Idan kuwa manhajar da za ta karɓi ƙuri'ar matar nan ta tsakar gida ake nema, da ta mutumin da ke jiran katin abinci, a nemi wasu, kuma duk wanda ya karɓa a cikinmu ya shirya zuwa Monguno da kansa ya nuna wa dattawa yadda za su ƙirga.